Yadda Ake Amfani da Kalmar "Sadden" ta Turanci, Musamman a Saƙon Ta'aziyya

Duk wanda aiki ko karatu ya haɗa shi da rubutun Turanci, ko ba jima ko ba daɗe zai buƙaci kalmar da zai faɗi cewa wani al'amari ya sanya shi baƙin ciki, kuma yawanci buƙatar takan taso ne a lokacin da hankali ba a kwance yake ba, wato sa'ad da aka yi rashi ana son a aika saƙon ta'aziyya ga abokin aiki ko abokin ciniki wanda ba ya jin Hausa. Kalmar da Turanci ya tanada domin wannan ita ce "sadden", wadda ajinta a nahawu aikatau ne, ma'anarta kuma sanya mutum baƙin ciki ko baƙanta masa rai. Gajeriyar kalma ce mai haruffa 6 kacal, amma mutanenmu suna yawan tuntuɓe a kanta wajen furuci da wajen rubutu, sannan mafi girman tuntuɓen shi ne ajiye ta inda ba muhallinta ba. Na ga ya dace a zauna a warware ta dalla-dalla, domin saƙon da za a aika wa mai jimami ya fi kowane irin rubutu cancantar a tsaya a gyara shi.

Ginin kalmar da furucinta

Hanya mafi sauƙi ta riƙe kalmar ita ce a gane yadda aka gina ta. Tushenta shi ne "sad", sifa mai nufin wanda yake cikin baƙin ciki, sai aka liƙa mata ɗafa-ƙeyar "en", wato ƙarin da ake yi wa kalma a ƙarshenta, wadda aikinta shi ne ta mayar da sifa aikatau mai ma'anar sanya abu ya zama haka. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin haka muke yi a namu harshen kullum ba tare da mun tsaya tunani ba. Daga gajere muna samun gajarta, Turawa kuma daga "short" suna samun "shorten". Daga zurfi muna da zurfafa, su daga "deep" suna da "deepen". Rauni ya ba mu raunana kamar yadda "weak" ya ba su "weaken", faɗi kuma ya ba mu faɗaɗa kamar yadda "wide" ya ba su "widen". To, yadda baƙi ya ba mu baƙanta, fari ya ba mu faranta, haka "sad" ya ba su "sadden", "glad" kuma ya ba su "gladden", wato faranta rai. Sai dai a kiyaye, ba kowace sifa ce take karɓar wannan ɗafa-ƙeya ba, sai gajerun sifofi masu gaɓa ɗaya, su ma ba dukkansu ba, shi ya sa "happy" ba ta da irin wannan aikatau, sai dai a ce "make happy".

A wajen rubutu, harafin d biyu ne, n kuma ɗaya ne tak, komai aka ƙara a bayan kalmar. Dalilin ninka d shi ne ƙa'idar rubutun Turanci ta cewa idan kalma mai gaɓa ɗaya ta ƙare da gajeren wasali guda da baƙi guda, ana ninka baƙin kafin a liƙa ɗafa-ƙeyar da ta fara da wasali, domin wasalin ya ci gaba da zama gajere. Haka aka yi wa "red" ta zama "redden", aka yi wa "mad" ta zama "madden". Kalmar tana fitowa a kamanni 4 ne: "sadden" da "saddens" a lokacin yanzu, "saddened" a shuɗaɗɗen lokaci, sai kuma "saddening".

Ga mai sha'awar tarihi, "sad" ba da ma'anar baƙin ciki ta faro ba. A tsohon Turancin da ake magana da shi a Ingila sama da shekara 1000 da suka wuce, ƙoshi take nufi, kuma har yau 'yar'uwarta ta Jamusanci, "satt", wanda ya ƙoshi take nufi, sannan tana da dangantaka da "satis" ta Latin, wadda "satisfy" ta fito daga cikinta. Daga ƙoshi ta gangaro zuwa gundura da gajiya, daga nan zuwa nauyin zuciya, har ma'anar baƙin ciki ta zauna mata a wajajen ƙarni na 14. Mu ma muna da irin wannan sauyi, domin "ya isa" magana ce ta wadatuwa, amma "ya ishe ni" magana ce ta wanda ya gaji da abu. Ita kuwa sadden da ma'anar da muka san ta da ita a yau, a ƙarni na 17 ta bayyana.

Matsalar furuci ta fi ta rubutu tsanani, kuma ita ce ma take haifar da da yawa daga cikin kurakuran rubutun. Hausa tana da wasula 5, kowanne da gajerensa da dogonsa, alhali Turanci yana da wasu wasula daban-daban waɗanda kunnen Bahaushe yake tattarawa wuri guda ya ji su duka a matsayin wasalin "a". Saboda haka "sadden" da "sudden" sukan fito daga bakinmu da sauti ɗaya, duk da cewa ta biyun sifa ce mai nufin abin da ya auku kwatsam, ba abin da ya haɗa ta da baƙin ciki. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne kalmomin biyu suna yawan haɗuwa a jimla guda, kamar "saddened by the sudden death", wato jin baƙin ciki saboda mutuwar fuju'a. Domin a raba su, a wajen furta "sadden" a buɗe baki sosai, a baje leɓɓa gefe da gefe, a tura harshe gaba har tsininsa ya kusa taɓa bayan haƙoran ƙasa, sautin ya fito tsakanin a da e. A wajen "sudden" kuwa a saki leɓɓa, a rage buɗewar baki, harshe ya tsaya a tsakiya, sautin ya fito gajere ƙwarai. A riƙa gwadawa a gaban madubi da "bad" da "bud", da "cat" da "cut", da "ran" da "run". Idan siffar bakin ba ta sauya ba tsakanin kalmomin biyu, to sautin ma bai sauya ba.

Ƙarfin murya yana kan gaɓar farko ne, kuma "saddened" gaɓa 2 ce, ba 3 ba, domin "ed" ba ta zama gaɓa mai zaman kanta sai idan ta biyo bayan t ko d, kamar a "wanted" da "needed". A nan bayan n ta zo, don haka d kawai ake ji a ƙarshe, amma lallai ne a ji shi. Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, ba mu saba da baƙaƙe biyu a jere a ƙarshen kalma ba, sai harshe ya watsar da d ɗin, abin da baki ya watsar kuwa hannu ma yakan manta da shi wajen rubutu. Daga nan "I am sadden" ta samo asali, wadda take cika Facebook da WhatsApp duk ranar da wani babban mutum ya rasu. Daidai shi ne "I am saddened", kuma wanda ya gyara wannan kuskure guda ya rage kaso mai tsoka na aikin.

Yadda ake ɗora ta a jimla

Abin da za a fara tantancewa shi ne mene ne yake aikatawa, kuma wa ake aikata wa. Aikau shi ne abin da ya jawo baƙin cikin, ko labari ne, ko mutuwa, ko wani hali da aka gani, karɓau kuma shi ne mutumin da abin ya taɓa. "The news saddened us" tana nufin labarin ya sanya mu baƙin ciki, "his silence saddens his mother" kuma tana nufin shirunsa yana baƙanta wa mahaifiyarsa rai. A lura ba a sanya komai tsakanin aikatau da mutumin. A nan ne Hausa take jan hannun marubuci, domin mu idan za mu faɗi maganar muna cewa ya baƙanta mini rai, da "mini" da kuma "rai", sai mutum ya ji kamar jimlar Turancin ba ta cika ba har sai ya rubuta "it saddened to me" ko "it saddens my heart". Ta farkon kuskure ce tsagwaronta. Ta biyun an saba da ita a Turancin Najeriya, kowa zai fahimta, amma wanda Turanci ne harshensa na gado "it saddens me" zai ce, domin ma'anar rai ta riga ta shiga cikin kalmar tun farko. Idan lallai ana son a ambaci zuciya, akwai maganganun da aka tanada domin haka, kamar "it breaks my heart" da "with a heavy heart".

Tun da aikatau ne so-karɓau, wato mai buƙatar a ambaci wanda ake aikata wa, mutum ba zai ce "I saddened" ya yi shiru ba yana nufin ya ji baƙin ciki, domin mai sauraro zai jira ya ji wa ya baƙanta wa rai. A cikin ƙagaggun labarai akan ci karo da irin su "her face saddened", wato fuskarta ta sauya zuwa ta baƙin ciki, amma wannan salon adabi ne, bai kamata mai rubuta wasiƙa ya ɗauko shi ba. Haka nan ba a haɗa ta da "make", tun da ma'anar sanyawa tana cikinta: ko dai a ce "it made me sad" ko a ce "it saddened me", amma "it made me sadden" maimaici ne kuma kuskure ne.

Siffar da aka fi amfani da ita ita ce wadda mutumin da abin ya taɓa yake zuwa a farkon jimla, sannan a biyo da dalilin, kuma abin da zai biyo baya shi ne yake zaɓen ƙaramar kalmar da za a haɗa da ita. Idan suna ne zai biyo baya, "by" ake sanyawa, kamar "we are saddened by the loss". Idan aikatau ne, musamman na ji ko gani ko samun labari, sai a sanya "to", kamar "I was saddened to hear of his death" ko "I was saddened to learn of her illness". Idan kuwa cikakkiyar jimla ce za ta biyo baya, "that" ce ƙofarta, kamar "she was saddened that nobody came". Akan ga "at" jefi-jefi, kamar "saddened at the news", ita ma daidai ce. Wadda za a guje wa ita ce "with", wadda take kutsowa saboda mu muna cewa baƙin ciki da abu kaza, sai "da" ɗinmu ta rikiɗe ta koma "with". Akwai kuma ginin da yake buɗewa da "it", kamar "it saddens me to see children out of school" ko "it saddens me that the library has closed", wanda ya dace ƙwarai da wasiƙar da ake rubuta wa editan jarida ko jawabin da ɗalibi yake shiryawa a jarrabawar WAEC ko NECO.

Bambancin "saddened" da "saddening" shi ne ta farko tana siffanta mutumin da ya ji, ta biyu kuma tana siffanta abin da ya jawo. Labari ne yake zama "saddening", mutum kuma "saddened". Wanda ya rubuta "I am saddening" ya ce da kansa shi ne abin baƙin cikin, wanda ba shi yake nufi ba.

Wajen ƙarfafawa, kalmar da ta fi zama da ita ita ce "deeply", sai "greatly" da "profoundly" da "truly". Lokacin da tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yulin 2025, saƙon da Firayim Ministan Indiya Narendra Modi ya fitar da "deeply saddened" ya buɗe, kuma duk wanda yake bin saƙonnin shugabanni a irin waɗannan ranaku zai ga kalmomin nan biyu suna tafiya tare. "Highly saddened" kuwa, wadda ake yawan gani a takardun ofisoshinmu, ba ta zauna ba, domin "highly" da abin yabo take tafiya, kamar "highly respected". Shi baƙin ciki a tunanin Bature zurfi gare shi, ba tsawo ba.

A sani kuma sadden babbar riga ce, ta taro da muhimman lokuta, ba ta zuwa cefane ba. A hira ta yau da kullum "it makes me sad" ake cewa, kuma wanda ya yi amfani da "deeply saddened" saboda ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya ta sha kaye, ya rage wa kalmar nauyin da zai buƙata ranar da babban abu ya faru. Ba dole ba ne ma kullum a ɗauko aikatau ɗin, domin sunan da ya fito daga tushen, wato "sadness", yana yin aikin. Sarki Charles na III na Birtaniya da shi ya yi amfani a sanarwarsa ta ranar 8 ga Satumban 2022, inda ya kira rasuwar mahaifiyarsa Sarauniya Elizabeth ta II "a moment of the greatest sadness".

Wane baƙin cikin ake nufi?

Nan ne gundarin maganar, kuma shi ne abin da ƙamus ba zai yi wa mutum ba. Baƙin ciki a Hausa faffaɗar kalma ce, tana ɗauke da jimami, tana ɗauke da takaici, tana ɗauke da ɓacin rai mai haɗe da fushi, sannan tana ɗauke da hassada. Sadden kuwa guda ɗaya kawai ta ɗauka daga cikinsu, wato baƙin ciki mai sanyi wanda babu fushi ko ƙyashi a cikinsa, irin wanda mutum yake ji idan ya samu labarin rasuwa ko ya ga lalacewar abin da yake ƙauna. Saboda haka kafin a rubuta ta, mutum ya tambayi kansa wane iri yake nufi.

Idan Bahaushe ya ce wane yana baƙin ciki da ci gabana, hassada yake nufi, kuma Turancinsa shi ne "he resents my success" ko "he is envious of my success". Wanda ya rubuta "he is saddened by my success" ya wanke mahassadin daga laifinsa, domin Bature zai ɗauka mutumin yana jimami ne, ya rasa gane dalili. Akwai wani kuskuren da ya shafi wannan, wato kiran ɗan baƙin ciki da "sadist", ana zaton kalmar daga "sad" ta fito. Ba haka ba ne, daga sunan wani marubuci ɗan Faransa, Marquis de Sade, wanda ya mutu a 1814, aka samo ta, kuma tana nufin mai jin daɗin azabtar da wasu. Kalma ce mai muni ƙwarai, kada a jefi kowa da ita bisa zaton tana nufin mai ƙunci ko mai hassada.

Idan ɓacin rai ne saboda wani ya yi maka ba daidai ba, to "upset" ko "hurt" ko "offend" ne suka dace, idan kuma fushi ya fi yawa sai "annoy" ko "anger". Ana iya cewa "you sadden me", amma magana ce mai nauyi ta babba ga na ƙasa da shi, irin ta uban da ya ga ɗansa ya kauce hanya, babu faɗa a cikinta sai ciwon rai. Idan abin da ya faru saɓa tsammani ne, kamar alkawarin da ba a cika ba ko sakamakon jarrabawar da bai yi kyau ba, "disappoint" ce kalmarsa. Idan sanyaya gwiwa ne, wato mutum ya ji ƙwazonsa ya mutu, sai "dishearten" ko "discourage". Ita kuwa "depress" a yi hattara da ita, domin tana da alaƙa da ciwon damuwa wanda likitoci suke dubawa, kuma wanda ya rubuta wa mai makoki cewa rasuwar mahaifinsa ta sanya shi "depressed" ya karkatar da maganar ta koma kan lafiyarsa shi mai rubutun. A can sama da sadden akwai "devastated" da "heartbroken", waɗanda na makusanta ne, irin su mata da 'ya'ya da aminai. Abokin aiki na nesa ya tsaya a kan "saddened", ita ce daidai matsayinsa, kuma babu ragin girmamawa a cikinta.

Saƙon ta'aziyya

A ɗauka mahaifin wani abokin aiki ya rasu ba zato ba tsammani, sai aka rubuta masa cewa: "I am highly sadden with the sadden death of your father, it really sadden my heart." Niyyar mai rubutun kyakkyawa ce, amma kusan duk abin da muka ambata a sama ya taru a wannan layi guda. A cire "highly" a sanya "deeply", a mayar wa "sadden" ta farko da "ed" ɗinta, a sauya "with" da "by" ko kuma "to hear of", a gyara "sadden" ta biyu ta koma "sudden", sannan a share rabin jimlar na ƙarshe gaba ɗaya, domin maimaita abin da aka riga aka faɗa ne. Abin da zai rage shi ne: "I was deeply saddened to hear of the sudden death of your father." An yi amfani da "was" ne saboda ana maganar lokacin da labarin ya iso; idan "by" aka zaɓa, "I am deeply saddened by" ita ma ta zauna daram.

Sau ɗaya ya isa a ambaci kalmar a cikin saƙo. Ta'aziyyarmu ta Hausa ba ta tsayawa a kan abin da mai gaisuwa yake ji, tana farawa ne da tambayar ya haƙuri, ta wuce zuwa addu'ar Allah Ya jiƙan mamaci, Ya gafarta masa, Ya ba iyalai haƙurin jure rashin, kuma a ganina wannan tarbiyya ce da bai kamata a bar ta a baya ba don kawai an koma rubutu da Turanci. Bayan jimlar farko, a bar maganar kai, a koma kan mamacin da waɗanda ya bari. Idan an san shi, a faɗi abu guda na gaskiya game da shi, misali yadda yake karɓar baƙi ko wata nasiha da ya taɓa yi, domin wannan ne abin da iyalai suke riƙewa bayan an watse. Sannan a rufe da addu'ar da ta dace da addinin mutanen gidan, ko da ta'aziyya madaidaiciya kamar "please accept my heartfelt condolences". Idan kuwa wanda ake yi wa gaisuwar Bahaushe ne, ban ga dalilin da zai sa a yi masa da Turanci ba, ko da a ofis ɗaya ake aiki.

Akwai wani wuri da nake so masu rubuta sanarwar hukumomi da kamfanoni su kula da shi sosai. "Saddened" ba ban haƙuri ba ce, kuma ba amsa laifi ba ce. Kalmar "sorry" tana da fuska biyu, ta jaje da ta neman afuwa, amma "saddened" ta jaje kawai take da ita. Idan sakacin ma'aikata ne ya jawo wa mutane asara, sai aka fitar da sanarwa cewa "we are saddened by the incident" aka tsaya a nan, to an yi magana kamar 'yan kallo, kuma waɗanda abin ya shafa suna gane hakan. Inda akwai laifi "we apologise" ake cewa, a faɗi abin da za a gyara. Inda ake sanar da mutum labarin da ba zai ji daɗinsa ba, kamar rashin samun gurbin aiki, "we regret to inform you" ce ƙa'ida. "We are saddened to announce" kuwa a ajiye ta domin sanar da rasuwa. Haka ma a wasiƙar koke, idan jama'ar unguwa suna son shugaban ƙaramar hukuma ya gyara musu rijiyar burtsatse ko rufin makaranta, "we are concerned" ta fi "we are saddened" kaiwa ga biyan buƙata, domin ta farko tana neman a tashi a yi wani abu, ta biyu kuwa bayyana halin zuciya kawai take yi.

Idan za a mayar da ita Hausa

Masu fassara labarai da ɗaliban da suke koyon aikin suna cin karo da kalmar kusan kullum, kuma tarkon da yake gabansu shi ne bin ginin jimlar Turanci sau da ƙafa. Idan aka ce "the governor was saddened by the accident", wanda ya fassara da an baƙanta wa gwamna rai ya shigo da wani mai laifi wanda babu shi a asalin maganar, domin a Hausa idan aka ce an baƙanta wa mutum rai, wani ne ya yi masa abu. Abin da Bahaushe yake cewa shi ne gwamna ya nuna alhininsa game da hatsarin, ko ya bayyana jimaminsa. Idan "shocked and saddened" ce, sai a ce ya kaɗu matuƙa kuma ya nuna alhini. Idan kuwa ba mutuwa ba ce, wani hali ne na lalacewa ake kuka da shi, kamar "it saddens me that our young people have no work", to alhini da jimami sun yi nauyi, abin da ya dace shi ne a ce abin takaici ne a ce matasanmu ba su da aikin yi, ko a ce rashin aikin matasanmu yana sosa mini rai. "Saddening news" labari ne mai sosa rai ko marar daɗin ji, "a saddening sight" kuma abin ban tausayi ne, musamman idan mutane ne aka gani cikin wani mawuyacin hali.